Saitin Bindigar Iska: Tara Huji Wuri Guda Kafin Ka Taɓa Madubi

Kunnen mutumin Zariya ya saba da ƙarar bindiga irin ta halal. Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Depot, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Sallah a ƙofar fada ya san yadda ƙirji ke amsawa in 'yan bindigar Sarki suka saki albarushi. Wannan suna nasu ne tun kafin ɓarayin daji su ɓata shi. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne harbin saiti a matsayin wasa: mutum ya kafa takarda, ya ja baya mita goma, ya yi ta ƙoƙarin zura ƙwayar dalma ta biyu cikin hujin da ta farko ta yi. Tun 1984 ake ba da lambar zinare kan wannan a gasar Olamfik, da bindigar iska mai bakin milimita 4.5. Tsakiyar takardar, inda ake cin maki goma, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kuma harbi sittin ake yi a tsaye.

Sabon shiga kan fara da tambayar ƙarfi: gudun nawa take yi, tana huda kwano? Ba girin-girin ba, ta yi mai. Bindigar da ake cin gasar duniya da ita gudunta bai wuce wajen mita 175 a daƙiƙa ba, wato ta fi yawancin na kanti rauni nesa ba kusa ba. Abin da take da shi shi ne harbinta na yau da na gobe iri ɗaya ne sak. Duk abin da zan faɗa a nan kan wannan ya ta'allaƙa.

Takarda kafin ƙarfe

Kada wani ya ruɗe ka da cewa bindigar iska abin wasan yara ce. Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin su bindigogin yaƙi da fistol. Akwai na amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma bindigar iska a nan take, tare da bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu. Sai na ɗurawa ta baki, irin bindigar toka ta mafarauta, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa lasisi. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sha sanar da dakatar da ba da sabon lasisi saboda halin tsaro. Don haka matakin farko ƙafa ce: je ka hedikwatar 'yan sanda ta jiha a Kaduna ka ji halin da ake ciki daga bakinsu. In ƙofa a rufe take, ka haƙura har ta buɗe, ko ka nemi shiga ƙungiyar wasan harbi mai rajista inda bindigogin ke ƙarƙashin kulawarta. In kana da lasisi, bindiga ta yi tafiya cikin jakarta a rufe, ba ƙwaya a ciki, takardarka a aljihu. Wanda ya rataya doguwar bindiga a kan babur ya nufi hanyar Giwa ko Birnin Gwari a wannan zamani, ba wanda zai tsaya tambayarsa ta iska ce ko ta wuta.

Wace iri?

Iri biyu za ka fi gani. Ta farko ita ce mai sifirin, wadda ake karya bututunta ƙasa a ɗana ta. In ka ja kunama, sifirin ya ingiza fistin, fistin ya matse iska, iska ta tura ƙwaya. Ba ta buƙatar komai sai damtsenka, kuma in ta kamfani mai kyau ce irin Weihrauch ko Diana na Jamus, jikanka ma zai gaje ta. Aibinta tana zillo a hannu kafin ƙwaya ta bar bututu, don haka tana da wuyar sha'ani.

Ta biyu mai tulun iska ce, wadda ake cika wa iska da famfo na musamman har ma'aunin matsi ya kai wajen bar 200. Ba ta zillo, saitinta ya fi sauƙi, amma ta fi tsada, kuma in robobin cikinta suka bushe suka fara yoyo, samun mai gyara aiki ne. Iskar da muke shaƙa ake cika mata, busasshiya. Wanda ya ɗauke ta ya kai wa mai walda don a cika mata iskar oksijin ya haɗa bam da hannunsa.

Ni dai mai sifirin nake ba sabon shiga shawara, mai matsakaicin ƙarfi, ta milimita 4.5. Ƙwayarta ta fi araha, tafiyarta ta fi miƙewa, kuma duk wanda ya iya da mai sifirin, mai tulu wasa ce gare shi.

Wurin harbi

Nemi fili a gona ko bayan gari inda kake ganin duk abin da ke bayan takardarka. Ƙwayar da ta kuskure tana iya tafiya ɗaruruwan mitoci, ga makiyaya da yara masu ɗiban itace da ba sa sallama kafin su ɓullo. Bayan takarda ya zama tudun ƙasa ko buhunan yashi. Takardar kuma ka manna ta a kwali babba da aka danƙare da tsummokara. Ka guji katako mai tauri, da tayar mota, da dutse, da kwalba, domin ƙwaya na dawowa daga gare su, wani lokaci kai tsaye zuwa fuska. Sa tabarau mai kauri ko da kai kaɗai ne. Ka shaida wa mai gona da mai unguwa abin da kake yi tun kafin wani ya kai musu labari da irin nasa gishirin.

Ƙa'idoji huɗu ne ba a sassauta su: ɗauki kowace bindiga a matsayin mai ƙwaya a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka nufin harba, yatsa ya nisanci kunama sai saiti ya zauna, kuma ka san abin da ke bayan abin da kake auna. Mai bindigar karyawa yana da ta biyar: lokacin da kake sa ƙwaya, hannu ɗaya ya ci gaba da riƙe bututun da ka karya. In kunama ta kuɓuce, bututun zai koma sama da ƙarfin da ke datse yatsa ya kuma lanƙwasa ƙarfen.

Fara da sukudireba

Kafin harbi ko ɗaya, duba kusoshin da suka haɗa ƙarfe da ƙota. Yawanci biyu ne a gaba, ɗaya ko biyu wajen kunama. Girgizar sifirin na kwance su a hankali, kuma kusa ɗaya mai sako-sako ta isa ta watsa maka harbi kamar an sheƙa gero. Ɗaure su daidai, ba har katako ya tsage ba. Na taɓa ɓata yammaci guda ina zargin ƙwaya, ina zargin iska, har na fara zargin idona, ashe kusar hagu ce ta kwance rabin zagaye.

In sabuwa ce fil, kada ka yanke mata hukunci da wuri. Tana buƙatar harbi ɗari da wani abu kafin man da aka shafa mata a masana'anta ya ƙone, sassanta su zauna. In ka ji tana ƙara kamar ta wuta tana fitar da hayaƙi, mai ne ke kamawa da wuta a ɗakin matsi, kamar yadda injin dizal ke aiki. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a ɗiga mata man keken ɗinki ko baƙin mai a ramin iska.

Riƙo

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Da farko gano idon da ke jagorantarka. Miƙa hannu biyu, haɗa tafukan su bar ƙaramar kafa, dubi wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu a buɗe, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin ya ci gaba da zama cikin kafar da shi, shi ne jagora, kuma a kafaɗar wannan ɓangaren ya kamata ƙota ta zauna.

Zauna a kujera da tebur mai ƙarfi, mita goma daga takarda, a auna da tef ba da taku ba. Ɗora buhun yashi ƙarami ko matashi a tebur, ka ɗora bayan hannunka a kai, sannan bindiga ta kwanta a buɗaɗɗen tafinka. Wanda ya saba da bindigar wuta zai so ya damƙe ta ya danna ta a kafaɗa. Da mai sifirin, wannan kuskure ne. Fistin na fara gudu, bindiga ta ja baya, ta dawo gaba, duk ƙwaya na cikin bututu ba ta fita ba. Ba za ka iya hana ta wannan motsi ba, iyakar abin da za ka iya shi ne ka bar ta ta yi shi iri ɗaya kowane lokaci. Saboda haka riƙe ta sakwa-sakwa, kamar yadda ake riƙe ɗan tsako. Tafinka ya zauna a wuri ɗaya na ƙotar a kowane harbi, har ka iya manna ɗan salatif ya zama alama. Kada ka ɗora ta kai tsaye a kan katako ko bulo, za ta yi tsalle.

Kumatunka ya sauka a wuri ɗaya shi ma. In yau ka danna, gobe ka ɗaga, idonka ya sauya mazauni ke nan a bayan saiti, harbi kuma zai bi shi.

Yanzu auna takarda, rufe ido, yi numfashi biyu, sake jiki, buɗe ido. In saiti ya kauce, jikinka ne ke son kallon wani wuri, kana tilasta masa da tsoka. Gyara kujera ko ƙafafunka har ya zama in ka buɗe ido saiti na kan baƙin ɗigo da kansa. Tsokar da aka tilasta tana rawa, ƙashi ba ya rawa.

Numfashi: ja, saki, ka tsaya a ɗan hutun nan da ke zuwa bayan fitar iska. Kana da daƙiƙa biyar zuwa takwas. In suka wuce ba ka harba ba, ido zai fara yaji, hannu ya fara kaɗawa. Sauke yatsa ka sake daga farko. Yawancin munanan harbi daga ƙin saukewa suke zuwa, mutum ya ga ya riga ya wahala, bari dai ya saki.

Kunama da tsokar gaɓar farko ta manuniya ake jan ta, kai tsaye baya, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har ta kuɓuce. Ba a fizga. Bayan ta tashi, kada ka ɗaga kai don ganin inda ta faɗa. Zauna yadda kake, ido a saiti, ƙirga ɗaya, biyu. Hujin ba zai gudu ba.

In saitin ƙarfe kake amfani da shi, wato tsinken gaba da tsagar baya, idonka ya kafe kan tsinken gaba. Takarda za ta yi ɗan dishi-dishi, haka ake so. In madubi ne, wato na hangen nesa da ake ɗorawa a kan bindiga, tabbatar an ƙera shi don bindiga mai sifirin, domin zillonta na gaba da baya yana wargaza madubin da ba a yi don ita ba, ko da mai tsada ne.

Tara huji

Yi harbi biyar kana auna ɗigo ɗaya, ba tare da ka taɓa saiti ba, ko da suna faɗawa can gefe. Inda suka faɗa ba shi ne damuwarka yanzu ba, kusancinsu da juna ne. Ɗauki rula ka auna daga gefen waje na huji mafi nisa zuwa gefen waje na kishiyarsa, ka cire faɗin ƙwaya, wato milimita 4.5. Abin da ya rage shi ne girman tarinka. Rubuta shi. A mita goma daga kan tebur, in tarin ya sauko ƙasa da santimita ɗaya da rabi akai-akai, ka fara kama hanya.

Surar tarin ma tana magana. In ya miƙe sama da ƙasa, duba numfashi da inda tafinka ke zama. In ya miƙe hagu da dama, yatsa ne ke tura kunama gefe, ko iska. In huɗu sun haɗu ɗaya ya yi nasa wuri, ko dai ka fizga, ko ƙwayar ce mai lahani.

Zaɓen ƙwaya

Ƙwayar dalma mai kyau tana da kai, da siririn ƙugu, da buɗaɗɗen siket a baya wanda iska ke kumbura shi ya kama zanen cikin bututu. Mai shafaffen kai ita ce ta takarda a mita goma, tana yanka huji tsaf, amma in nisa ya ƙaru iska na cin ta. Mai kai kamar ƙoƙo a kife ita ce ta kowane aiki, kuma daga mita ashirin zuwa sama ba ta da na biyu. Mai tsini tana da kyan gani a gwangwani, a takarda kuwa sau da yawa ita ce ta baya. Ta milimita 4.5 nauyinta wajen rabin giram ne, ta 5.5 kuma wajen giram ɗaya.

Ka yi hattara da marasa nauyi da ake tallatawa da sunan gudu. Sauti na tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, kuma ƙwaya mai wannan sura in ta kusanci gudun nan sai ta fara tangaɗi. Bindiga mai ƙarfi da yawa ƙwaya mai nauyi take so don ta rage mata gudu.

Babu wanda zai iya gaya maka wadda bindigarka ke so, ko da irin taka gare shi, daga masana'anta ɗaya. Kamfanoni irin JSB na ƙasar Cek da H&N na Jamus har faɗin kai suke rubutawa a gindin gwangwani, 4.50 ko 4.51 ko 4.52, domin wannan ɗan bambanci na sauya tari. Samo iri uku ko huɗu. Da kowace, fara harba goma zuwa ashirin a banza don bututu ya saba da dalmarta, sannan ka yi tari biyar na harbi biyar-biyar, ka ɗauki matsakaicinsu. Tari ɗaya mai kyau sa'a ce. Wadda ta ci, sayi gwangwani da yawa nata lokaci guda in aljihu ya yarda.

Sai yanzu za ka taɓa saiti

Da tari ya matse, matsar da shi tsakiya lissafi ne kawai. A saitin ƙarfe, tsagar baya tana bin inda kake so harbi ya koma: kana so ya yi dama, matsar da ita dama. A madubi, yawanci kowane ƙas ɗaya na murfin juyawa yana matsar da harbi kimanin milimita 7 a mita ɗari. A mita 25 ya zama ƙasa kaɗan da milimita 2, a mita goma kuma bai kai milimita ɗaya ba. Don haka in tsakiyar tarinka ta kauce santimita 2 hagu a mita 25, ƙas goma sha ɗaya za ka juya zuwa dama. A mita goma, wannan kaucewar na neman kusan ashirin da bakwai. Mutane kan juya uku su ce madubi ya lalace.

Daga tsakiyar tari ake gyara, ba daga harbin ƙarshe ba. Mai bin kowane huji da gyara zai yini yana zagaye.

Ka kuma tuna ƙwaya faɗuwa take tun daga bakin bututu. Mai gudun mita 240 a daƙiƙa tana sauka wajen santimita 6 kafin ta kai mita 25, a mita 50 kuwa ta haura santimita 25. Bayan ka daidaita a nisa ɗaya, kafa takarda a mita 10, 15, 20, 30, ka rubuta inda take faɗawa a kowanne. Kada kuma bindiga ta karkace gefe a hannunka, domin karkata na kai harbi gefe da ƙasa.

Iskar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, daga arewa maso gabas take busowa, kuma rabin giram na dalma ba ya mata gardama. Gwajin ƙwaya da daidaita saiti a yi su da sassafe bayan asuba ko dab da magariba, lokacin da gari ya lafa. Ɗaura ɗan ƙyalle a sanda tsakaninka da takarda, ka riƙa harbi lokacin da ya yi irin kwanciyar da ya yi a harbin baya.

Batun ɗura harsashi da hannu

Masu kallon bidiyon maharban Amurka sukan ga suna sake ɗura kwanson harsashin da suka harba. Harsashin bindigar wuta abu huɗu ne: kwanso, da hular da ke tayar da wuta, da albarushi, da kan da ke fita. A can doka ta yarda mutum ya haɗa su a gida, kuma masu neman saiti suna yi ne don kowane harsashi ya zama tagwayen ɗan'uwansa. A nan dokar da na ambata ta hana ƙera ko harhaɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko masana'antar da gwamnati ta amince ba, irin DICON da ke Kaduna tun 1964. Wanda aka kama da kayan ɗuri a ɗakinsa a Tudun Wada ko Samaru, sha'awar wasa ba za ta zama hujja gaban alƙali ba. Ga shi kuma kuskuren awo kaɗan na fasa bindiga a fuskar mai ita.

Amma ɗabi'arsu halal ce, kuma ita ce mai amfanin. Zuba ƙwayoyinka a farin ƙyalle ka ware duk mai lanƙwasasshen siket ko tabo a kai. In kana da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, auna su ka kasa su gida-gida bisa nauyi, ka riƙa harba 'yan gida ɗaya tare. Ajiye su a gwangwani mai soso, ba a aljihu tare da makullai ba. Ka buɗe littafi: rana, nisa, irin ƙwaya, yanayin iska, girman tari. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. In ka sauya ƙwaya da riƙo a rana ɗaya tari ya gyaru, ba ka san wanda za ka gode wa ba.

Dalma guba ce. Kada ka riƙe ƙwaya a baki kamar yadda yara ke yi, kada ka ci goro ko gyaɗa da hannun da ka taɓa ta sai ka wanke da sabulu, kuma tsummokaran da ke cikin kwalin nan kada su koma cikin gida.

In ka gama, goge ƙarfen waje da ƙyalle mai ɗan mai, musamman da damina, domin zufar hannu kaɗai na tayar da tsatsa kafin wayewar gari. Cikin bututu ba ya son yawan wanki. Sai ka ga tari ya fara buɗewa ba dalili, sannan ka ja ɗan busasshen ƙyalle ta ciki da zaren roba, ba da sandar ƙarfe ba. Kada ka harba mai sifirin babu ƙwaya a ciki, fistin zai daki bango ya lalata robarsa, kuma kada ka bar ta a ɗane ta kwana. Bindiga a akwati mai kwaɗo, gwangwanin ƙwaya a wani wuri dabam, makullan biyu a jikinka.